Neman shawara: kalmomin Turanci na ɓata suna, ta ina zan fara koya wa 'yan Sin?

Abu Safwan, Wuhan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Malaman Turanci da lauyoyin da ke zauren nan, yau ku nake nema. Ina karatun digiri na uku a nan Wuhan ta ƙasar Sin, kuma duk daren Juma'a akwai zaman da ɗalibai ke yi a harabar jami'a don goge bakinsu da Turanci, suna ce masa yingyu jiao, wato lungun Turanci. Shekara biyu ke nan ina zuwa, har sun fara ba ni lokaci in yi musu ɗan darasi.

Ga abin da ya taso da maganar. Wata abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwaje ta aika maƙalarta wata mujallar kimiyya, ɗaya daga cikin masu tantancewa ya ce hanyar da ta bi wajen awo ba ta da inganci. Ranta ya ɓaci, ta rubuta wa edita amsa, ta kawo mini in duba kafin ta tura. A layi na biyu na ga ta rubuta: The reviewer has slandered our work. Gabana ya faɗi. Na tambaye ta me take nufi, sai ta buɗe ƙamus ɗin wayarta ta nuna mini. Ta sa kalmarsu dihui, ƙamus ya jero mata slander, defame, vilify, denigrate a layi ɗaya, ita kuwa ta ɗauki ta farko. Abin da take son faɗi kawai shi ne sukar ta yi tsauri. Da ta tura a haka, ta zargi bawan Allah da shirya mata ƙarya da gangan ke nan, a gaban editan da zai yanke mata hukunci. Muka mayar da shi We respectfully disagree with the reviewer.

To Juma'a mai zuwa ina so in yi musu darasi a kan waɗannan kalmomi. Minti 40 ne da ni. Waɗanne zan ɗauka, kuma da wacce zan fara?

Barista, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ka fara da uku na shari'a, don su ne ke kai mutum kotu. Defamation ita ce uwa, wato ɓata suna da maganar ƙarya da aka isar ga wani na uku. 'Ya'yanta biyu: libel, wanda aka rubuta ko aka buga, da slander, wanda aka furta da baki. Asalin libel daga Latin ne, libellus, ƙaramin littafi, wannan zai taimaka musu su riƙe cewa na rubutu ne. A Ingila abin da aka watsa ta rediyo ko talabijin ma libel ake lissafa shi, duk da cewa da baki aka faɗa. Don haka abokiyar aikinka ta yi kuskure biyu: mai tantancewa rubutawa ya yi, ko da ƙarya ya yi mata ba slander ba ce. Kuma ra'ayi ya bayyana a kan aiki, ra'ayi kuwa ba a kiransa defamation.

Malama mai ritaya, Zariya:
Barista, ban ƙi taka ba, amma da ni ce ba daga nan zan fara ba. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli, kuma na ga yadda yara ke haddace bambancin libel da slander su ci jarrabawa, gobe su sake yin irin kuskuren yarinyar nan. Matsalarta ba rubutu ko baki ba ce. Ba ta san cewa kalmar da ta ɗauka ta riga ta yanke hukunci ba.

Ɗana Abu Safwan, ka rubuta jimla ɗaya a allo, ka riƙa sauya aikatau kawai. The paper accused the mayor. The paper exposed the mayor. The paper smeared the mayor. Jarida ɗaya, magajin gari ɗaya, labari ɗaya. Wanda ya ce accused bai ɗauki ɓangare ba. Wanda ya ce exposed ya ce abin gaskiya ne, an tona asiri. Wanda ya ce smeared ya ce sharri aka ƙulla masa. Ka bar su su yi minti goma a kan wannan. Idan ya zauna musu, duk kalmar da ka kawo daga baya sai ka tambaye su: wannan tana bayan wa? Ko a Hausa haka ne ai. Tsakanin "an zarge shi", "an tona masa asiri" da "an yi masa yarfe" akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Abu Safwan, Wuhan:
Allah Ya saka da alheri Mama. Wallahi wannan ne abin da na kasa fitarwa da bakina ranar. Na ta ce mata kalmar ta yi nauyi, ita kuma tana tambayata nauyi kamar yaya.

Barista, Kaduna:
Na yarda da tsarin Malama, a fara da nata. Amma kada a bar nawa a baya, saboda dokar da suka taso a cikinta daban take. A Sin, feibang, wato ɓata suna, laifi ne da ke cikin kundin manyan laifuffuka, sashe na 246, ɗaurinsa yana kaiwa shekara uku. A 2013 kuma aka fitar da fassarar shari'a cewa idan rubutun ɓatanci a intanet ya samu kallo 5,000 ko aka sake yaɗa shi sau 500, ya shiga sahun mai tsanani. To ɗalibin da ya taso da wannan, idan ya ji libel zai hango 'yan sanda. Alhali a Ingila an soke laifin libel tun 2010, magana ce ta diyya tsakanin mutum da mutum, kuma dokar 2013 ta ce sai mai ƙara ya nuna an yi wa sunansa mummunar illa. A Amurka kuwa tun hukuncin New York Times da Sullivan na 1964, jami'in gwamnati sai ya tabbatar da cewa wanda ya buga ya san ƙarya ce, ko bai damu da ya bincika ba. Shi ake kira actual malice. Shi ya sa a Turanci za su fi jin sue for libel, ba arrest ba. Mu a Najeriya mun fi kusa da 'yan Sin a nan, don Penal Code ɗinmu na Arewa har yau yana hukunta ɓata suna.

Alhaji na Yiwu:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma abin ya taɓa faɗo mini. Na sayi fitilu masu caji da hasken rana a wata masana'anta, kwantena ta isa Legas, aka buɗe, kwali bayan kwali batir ba ya riƙe wuta. Yarona ya ɗauki bidiyo tun daga yanke hatimin kwantena. Na kira su sun ƙi ɗauka, sai na sa hotunan a zaurenmu na 'yan kasuwa a WeChat, na ce a yi hattara. Kafin la'asar yarinyar da ke kula da cinikinsu ta turo mini: You defame our company, we will sue you. Na kwana ban runtsa ba, ina baƙo a ƙasar mutane, ga biza. Washegari wakilina ya je da bidiyon, aka zauna, suka amince za su sauya batiran. Ita kanta yarinyar daga baya ta ce wayarta ce ta fassara mata, ita roƙona take in cire hotunan.

Don Allah Malam Abu Safwan ka koya musu cewa wanda ya sayi kaya ya ga aibi ya faɗa, complaint ya yi. Da yawansu wajenmu za su zo aiki in sun gama, su ne za su riƙa rubuta mana saƙo.

Abu Safwan, Wuhan:
In sha Allahu Alhaji. Suna da kalmar ma, chaping, wato mummunan sharhin mai saye, bad review ke nan. Zan sa complain, criticise da give a bad review a rukuni guda, in nuna musu duk ba su ɗauke da zargin ƙarya.

Tafinta, Abuja:
Ni aikina fassara labarai ne, bari in kawo ta ɓangaren da zai yi maka sauƙi. Harsunan uku duk da ƙazanta suke siffanta abin, sai ka shiga ta nan. Su 'yan Sin suna cewa po zangshui, watsa wa mutum ruwan datti. Bature ya ce mudslinging, jifa da taɓo, ko drag his name through the mud. Mu mu ce an shafa masa kashin kaji. Suna cewa mohei, shafa baƙi, Bature ya ce smear ko blacken his name ko tarnish, wadda asalinta dusashewar ƙarfe ce, kamar tasar da ta daina ƙyalli. Har cast aspersions ma asalinta yayyafa ruwa ne. Idan ka ba su hoton, kalmar ba za ta ɓace ba.

Amma ka ja musu kunne a kan abu biyu. Mudslinging ta fi zama a lokacin zaɓe, kuma tana nuna ɓangarorin biyu duk suna jifan juna, mai faɗinta ya gaji da su duka. Smear campaign kuwa shiri ne, akwai masu ɗaukar nauyi, akwai wanda aka sa a gaba. A nan za su gane da wuri, don suna da shuijun, rundunar ruwa, waɗanda ake biya su cika intanet da rubutu. Mu sojojin baka muke da su a rediyo.

Na biyu, smear ɗin nan suna yawan ganinta a jaridun ƙasarsu na Turanci, duk lokacin da kakakin ma'aikatar harkokin waje ke mayar da martani, don ita ake fassara mohei da ita. Sai ɗalibi ya ɗauka kalma ce ta yau da kullum da ake faɗa wa duk wanda ya soke ka. A wasiƙar aiki ko ta makaranta ba ta da wuri.

Ɗan Gwammaja:
Yaya Abu Safwan, ni dai a cire denigrate da blacken ɗin nan. Denigrate fa daga kalmar Latin ta baƙi aka samo ta. Kai baƙar fata ka tsaya gaban 'yan Sin kana koya musu cewa baƙi shi ne lalacewa? Ni abin bai kwanta mini ba.

Malama mai ritaya, Zariya:
Ɗana, gaskiya ne asalin kalmar ke nan, kuma na fahimci abin da ke damunka. Amma mu ma muna cewa baƙin jini, baƙin ciki, baƙar magana, baƙar aniya, muna cewa farin jini da farin ciki, tun kafin mu ga Bature. Ɓoye musu kalmar ba zai hana su cin karo da ita a jarrabawar Turanci ta IELTS ba. Ya koya musu ita, ya faɗa musu asalinta, ya kuma faɗa musu akwai masu ƙyamarta saboda haka, ga belittle da disparage in suna son kaucewa. Wannan ya fi amfani. Kuma a lura, denigrate ba lallai ƙarya ba ce, ƙasƙantarwa ce, rena aikin mutum ko darajarsa.

Ɗan Gwammaja:
Na ji Mama, amma ni har yanzu da zai bar blacken da na fi so. Smear ta wadatar.

To kuma duk kalmomin da kuke kawowa na jarida ne. Yaran nan a intanet suke rayuwa. A sa musu call out, cancel, pile-on, troll, dox. Su ne za su gani kullum. Mu nan ma cewa muke an yi dragging ɗin wane.

Abu Safwan, Wuhan:
Ƙanena, a kan blacken zan ambace ta sau ɗaya don su gane ta in sun gani, ba zan sa su yi jimla da ita ba. Na intanet kuwa ka yi gaskiya, kuma nan ne suka fi mu kayan aiki. Dox suna da tasu tun tuni, renrou sousuo, a zahiri "binciken naman mutum", wato jama'a su haɗu su tono sunan mutum da gidansu da wurin aikinsa su baza. Suna da wangbao, cin zarafi ta intanet, da shesi, mutuwar zaman jama'a, idan kunya ta hana mutum fita.

Akwai shari'ar da kusan kowannensu ya sani. A 2020 a Hangzhou wata mata ta je karɓar saƙonta, wani ya ɗauke ta bidiyo a ɓoye, shi da abokinsa suka ƙirƙiri hirar waya ta ƙarya wai tana lalata da mai kawo saƙo. Abin ya bazu, ta rasa aikinta. A 2021 kotu ta yanke wa mutanen biyu ɗaurin shekara ɗaya, aka jingine shi. Ina tunanin in ba su wannan su ba da labarinsa da Turanci: fabricate, spread a rumour, defame, go viral, clear her name. Duk kalmomin za su fito da kansu.

Malam na Tudun Wada:
Allah Ya saka wa matar nan. Wannan shi ne ƙazafi tsantsa, wanda Suratun Nur ta yanke wa bulala 80 idan ba a kawo shaidu huɗu ba. Ina so in ƙara wani abu da na lura Turanci bai ba shi muhimmanci ba. A wurinmu ko abin da ka faɗa gaskiya ne, in dai ɗan'uwanka zai ƙi jinsa kuma ba ya nan, ka yi giba. In ƙarya ne kuma ka yi masa ƙage. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Su kuwa na ji Barista na cewa sai in ƙarya ce.

Barista, Kaduna:
Haka ne Allah gafarta Malam. A dokar Ingila da Amurka gaskiya kariya ce cikakkiya. Suna da backbiting da gossip, amma na ɗabi'a ne, ba a zuwa kotu da su. Sai dai wa zai tabbatar, nan suka rabu. A Ingila wanda aka kai ƙara ne zai tabbatar da gaskiyar abin da ya buga, a Amurka sanannen mutum shi zai tabbatar ƙarya aka yi masa. Ɗan wasan nan Johnny Depp ya kai jaridar The Sun ƙara a Landan ya faɗi a 2020, ya kai tsohuwar matarsa ƙara a jihar Bajiniya ta Amurka ya yi nasara a 2022. Ɗalibanka sun san shi, zai ja hankalinsu. Daga nan sai ka nuna musu dalilin da 'yan jarida ke manne wa alleged da allegedly kafin kotu ta yi hukunci.

Tafinta, Abuja:
Saura witch hunt. Mu a ɗakin labarai bi-ta-da-ƙulli muke fassara ta, kuma kusan kullum wanda ake bincika ne ke faɗinta. Tushenta farautar mayu irin ta garin Salem na Amurka a 1692, sai ta shahara a siyasar Amurka a zamanin Sanata McCarthy a shekarun 1950, lokacin da ake bin mutane da zargin kwaminisanci. Mafi kusa da ita a tarihin Sin ai juyin al'adu ne na 1966 zuwa 1976, da dazibao, manyan takardun da ake mannawa a bango ana tona mutum, da pidou, taron da ake tsayar da mutum a gaban jama'a ana tozarta shi. Kalmar pillory ma ta dace da wannan, katakon da ake saƙale wuyan mai laifi da hannayensa a kasuwa, wanda Ingila ta soke a 1837, yanzu ta zama aikatau. Da ni ne zan kawo misalin, nan take za su gane.

Alhaji na Yiwu:
A'a Malam Tafinta, kada ka jefa yaron nan cikin abin da ba zai iya fita ba. Shekara 14 ina shiga ƙasar nan. Baƙo ba ya buɗe wannan babin a bainar jama'a, balle a harabar jami'a, balle mai tallafin karatu. Kuma ba tsoro kaɗai ba, wasu kakanninsu ne aka tsayar ɗin, wasu kuma kakanninsu ne suka tsayar. Ba ka san wa ke zaune a gabanka ba.

Tafinta, Abuja:
Na karɓi gyara ta fuskar tsaronsa, Alhaji, kai ne a ƙasa. Amma ina nan a kan cewa misalin shi ne mafi dacewa da kalmar. Ya tsaya a McCarthy, mai hankali a cikinsu zai haɗa da kansa.

Abu Safwan, Wuhan:
A McCarthy zan tsaya. Akwai kuma kou maozi, ɗora wa mutum hula, wato liƙa masa suna, wannan suna faɗinta kullum ba tare da wata damuwa ba. Zan haɗa ta da label da brand someone a traitor.

Malama mai ritaya, Zariya:
Tunda ka ambaci label, ka ware minti biyar na furuci. Libel, label, liable, uku ne daban, ko ɗalibanmu suna cakuɗa su. Slander da slender ma haka. Sai harafin da ke bin kowace: accuse of, blame for, charge with, cast aspersions on. Kuma don Allah ka bar calumny da traduce da besmirch, ka ce musu na karatu ne, in sun sa su a magana za a ɗauka daga tsohon littafi suka fito. Character assassination ka bar ta, tana da amfani, sai dai ka gaya musu ba a kashe kowa ba, mutunci aka kashe. Kalma 12 sun isa minti 40.

Abu Safwan, Wuhan:
Jama'a na dawo da rahoto. Mutum 17 suka zo. Jimlolin Mama uku sun ci kusan rabin lokacin, don gardama ta ɓarke a kan exposed: wani ya ce idan daga baya aka gano ƙarya ce fa? Wata ta ce to sai a koma a ce smeared, kuma jaridar da ta rubuta exposed ita ma ta shiga uku. Ban sa baki ba, su suka kai kansu. Furucin ya ba da wuya fiye da yadda na zata, saboda mutanen yankin nan ba sa raba n da l a harshensu, libel tana fita kamar naibal, smear kuma sai sun sa wasali a tsakani, simiya, kamar yadda mu ma muke ce wa screw sukuru. Labarin Hangzhou ya sa ɗakin ya yi tsit, wata ta ba da shi da Turanci tun daga farko har ƙarshe, ta rufe da she cleared her name ba tare da na tuna mata ba. Witch hunt ban kai gare ta ba, lokaci ya ƙare.

Abokiyar aikina ta zauna a layin gaba. Da aka tashi ta tambaye ni, idan wani ya kwafe aikinta ta rubuta wa edita, accuse za ta ce ko expose? Na ce mata ta rubuta raise a concern, ta haɗa da shafukan biyu gefe da gefe. Barista, na yi daidai ko akwai wadda ta fi?

Barista, Kaduna:
Ka yi daidai. Ta tura wa editan shi kaɗai, kada ta sa a Weibo, dandalinsu na sada zumunta, kafin ya amsa.